Rigar Aikin Baban Murna

Salamar Ubangiji Yesu ta sauka a kan duk wanda wannan rubutu ya iske. Sunana Rahila. A Bukkuyum muke zaune, ni da maigidana Ishaya, da mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna, da 'yarmu tilo, Murna. Matan zumuntar ikilisiyarmu ne suka matsa mini in rubuta jinyar da muka yi, saboda duk lokacin da na tashi faɗa da baki sai muryata ta kama rawa, in tsaya a tsakiyar magana. Har gobe in Murna ta daɗe shiru a ɗaki, sai na yar da muciya na ruga na leƙa. Amma kada ku ɗauka labarin kuka ne zalla. An yi kukan, an kuma yi dariya fiye da yadda na zata ana yi a asibiti.

Ishaya makanikin injin niƙa ne. Yana gyara na hatsi, amma aikin da ya fi kawo mana abinci shi ne injunan da ake niƙa dutsen zinari da su a ƙauyuka, wajen su Sunke da Duza. In ya tafi sai ya kwana biyu can, ya dawo fari fat da ƙura kamar an birkiɗa shi cikin gari. Murna kuwa 'yar baba ce. Ta ɗan haura shekara biyu a lokacin, bakinta ya buɗe, ƙafarta ta yi ƙwari. Da ta ji ƙarar mashin ɗinsa sai ta sheƙa ƙofar gida ta maƙale masa tun bai cire takalmi ba. In ya yi tafiya kuma, gidan ba ya zaunuwa don kukanta.

Inna ce ta kawo maganin kukan. Ta ce a gidansu, in uba ya yi tafiya yaro ya ƙi barci, rigar uban ake shimfiɗa masa ya riƙa jin ƙamshinsa.

"Ba wankakka ba hwa," in ji ta. "Wankakka sabulu taka wari. Wadda yac cire da zuhwa nai, ita za ki ba ta."

Na ɗauko shuɗiyar rigar aikinsa da ke rataye a ƙusa na miƙa wa Murna. Ta rungume ta, ta sa kwalar a baki tana tsotsa, nan da nan barci ya ɗauke ta. Daga ranar, duk sanda Ishaya zai tafi sai ya bar mana rigar jiya. Har na riƙa koya wa wasu mata dabarar ina taƙama.

Ciwon bai shigo da ƙarfi ba. A makon farko abinci ta fara turewa, har da awarar da take so. Sai amai jefi-jefi, sai bayan gida ya ƙi fita, ta riƙa dafe ciki tana wani kuka marar ƙarfi. Inna ta ce haƙoran ciki ne. Wata ta ce shawara ce, a ba ta rake. Mai kemis ya taɓa goshinta da bayan hannu ya ce maleriya, ya zuba mata allurai. Da aka shiga mako na biyu ta daina gudu, ta koma tafiya tana tangaɗi, tana faɗuwa a inda babu abin tuntuɓe. Kalmominta suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. "Ruwa" ta tafi, "Kaka" ta tafi, "Baba" ce ta ƙarshe. Kuma duk yadda jikin ya ƙara tsanani haka take ƙara ƙanƙame rigar nan, mu kuma muna ƙara tura mata, tunda ita kaɗai ke sa ta yi shiru.

Bari in faɗi yadda bangaskiyata take a lokacin. A gidan masu bi aka haife ni, ina zuwa sujada, ina cikin 'yan waƙa, amma tsoro ne ke riƙe da ni. Ina tsoron baki, ina tsoron ido, ina tsoron Allah kansa irin tsoron da ɗalibi ke yi wa malami mai bulala. Wata mata daga wani gidan addu'a ta zo da kwalbar man zaitun, ta dubi Murna ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu ne, kuma mai hannun ba ta da nisa da mu. Ta ce in daina ba ta kowane magani in shiga azumi. Na shiga. Na kuma fara kallon maƙwabtana ɗaya-ɗaya, har furar da wata baiwar Allah ke aiko mana na riƙa zubarwa a bayan ɗaki.

Da hantsi abin ya faru, ina tankaɗe a tsakar gida, Ishaya yana ƙauye. Murna na kwance a tabarma sai na ga ƙafarta ta hagu tana bugun ƙasa. Kafin in isa wurinta ta sanƙare, idanu sun juye, jiki yana jijjiga. Ban iya yin komai ba sai kiran sunan Yesu. Inna ce ta fita ba ko takalmi ta kirawo Baba Pasto, tsohon da ke kula da 'yar ikilisiyarmu. Ya shigo ya durƙusa ya ɗora hannu a kanta. Mun saba in ya kama addu'a sai gwiwa ta yi tsami, amma ta ranar ba ta wuce numfashi ɗaya ba.

"Ya Ubangiji, ga ɗiyarka, riƙe mamu ita bisa hanya. Amin. Ku tashi mu tahi Anka."

Na ce, "Baba, an ce ba ciwon asibiti ba ne."

Ya ce, "Wanda yac ce hakanan, shi zo shi hwaɗa mani. Allah ya riga mu isa asibiti, can yaka jiranmu."

Ya rufe kwalbar man zaitun ya miƙa wa Inna, ya ce ta ajiye a soya ƙwai.

Ba zan daɗe kan hanya ba, duk ɗan yankin nan ya san yadda ake binta da rai a hannu. Sai da muka jira mota ta cika, ni ina riƙe da yarinya a sake kamar tsumma. A asibitin kuma ga layi har waje, mata zazzaune da yara a cinya. Na yi ƙorafin layin nan, kuma har yau ina yi, amma da wata nas ta hango idon Murna sai ta janye mu gaba ba wanda ya ce uffan. Aka tsayar da jijjigar, aka ɗibi jini. Nas ɗin ta zauna tana yi mini tambayoyi, har ta zo kan sana'ar maigida. Da na faɗa sai ta ajiye biro.

"Shina shigowa gida da kayan aiki jikinai?"

Kafin in amsa Inna ta buɗe jaka da fara'arta. "Ga rigar ma nan, na taho da ita don ta samu barci. Ba ta kwana sai da ita."

Nas ɗin ta sa safar hannu, ta karɓi rigar da yatsa biyu, ta jefa a leda ta ƙulle. Nan na gane tun ba a faɗa mini ba.

Likita ya ce gubar dalma ce. Tana cikin dutsen da ake niƙawa, tana bin ƙura, ba ta da wari, ido ba ya ganinta, babba yana iya yawo da ita ya daɗe bai sani ba, yaro take kayarwa. Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini a ƙirji har yau: "Zan iya fitar da ita daga jininta a hankali. Baki da ƙafa kuwa, ban yi miki alkawari ba."

Aka ba mu gado. Magani kyauta ne, wannan na gode ƙwarai. Abinci da kuɗin mota da sauran hidima ne suka cinye akuyar Inna. Maganin wani ƙwanso ne da ake buɗewa a zuba garin cikin ɗan abu mai zaƙi, warinsa sak ruɓaɓɓen ƙwai. In lokacin shansa ya yi, ɗakin gaba ɗaya sai ya koma filin kokawa, uwaye na danne yara, yara na fesowa. Ruwan famfo kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ban-ɗakin ba zan ɓata muku rai da shi ba.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata tsohuwar Bafillatana, Goggo Dije, tana jinyar jikanta Buba. Tun ranar farko ta gane ni Kirista ce, don ta ga ina rufe ido kan kwanon tuwo. Na tsorata, na zaci za ta ja tabarmarta gefe. Sai ta matso.

"Ki yi addu'a irin taku, in yi irin tamu," in ji ta tana jan carbi. "Ki sa Buba cikin taki, in sa wagga 'yar taki cikin tawa. Amma ki daina kuka bisa tuwo, gishirinai ya isa."

In ina yi wa Murna waƙoƙin sujada ƙasa-ƙasa, Goggo Dije ce ke fara gyangyaɗi. Ta ce muryata ta fi allurar barci aiki, a ɗauke ni aiki a asibitin.

Abin da ya fi ciwon nauyi a makonnin farko shi ne zuciyata. Ishaya ya iso washegarin kwanciyarmu, aka yi masa bayani, ya fita ya zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke harabar asibiti, bai sake shigowa ɗakin ba. Kullum yana can, yana aiko da abinci, yana tambayar masu wucewa. Ni kuma ban kira shi ba. Inna da ba ta taɓa yin shiru ba tun da na san ta, ta koma kurma, sai wanki da shara. In ta dama kunu ta miƙo mini sai in ce na ƙoshi. A raina su biyun ne suka kashe mini 'ya. Ina addu'a safe da yamma, amma kamar ina magana cikin tulu.

Matan zumunta suna zuwa duk mako tare da Baba Pasto, da kulolin abinci da surutunsu. A zuwansu na biyu ko na uku ya dubi Inna a lungu, ya leƙa taga ya hango Ishaya, sannan ya zauna bakin gado.

"Rahila, mi kika roƙo wurin Ubangiji?"

Na ce, "Ya tashe mini Murna, Baba."

"To madalla. Kina roƙon shi tada maki mutum guda, ke kuma kin binne mutum biyu da ransu. Wanda yaj je neman abinci, da wadda tab bada abin da tas sani don ƙauna. Yesu bai jira munka gyaru ba kahin shi gahwarta mamu."

Na ce, "Ba zan iya ba."

Ya ce, "Na sani. Shi za ki hwaɗa ma hakanan, ba ni ba."

Bayan sun tafi na juya fuska bango. A rayuwata ban taɓa yin addu'a irin wannan ba, babu kalmomin da na haddace, babu tsari. Na ce Yesu, ina jin haushi, ina jin tsoro, ban iya yafewa ba, kuma ban san ko za ka ba ni yarinyar nan ba. In ka ba ni, na gode. In ba ka ba ni ba, kada ka sake ni. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abin da na sani kawai, wani dutse da ke kan ƙirjina tun ranar jijjigar ya sauka, har na ji yunwa. Na ce, "Inna, akwai sauran kunu?" Tsohuwar nan ta tashi da sauri har zanenta na kwancewa.

Na sha, na fita wurin dogon yaro. Ishaya ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya ce ba zai iya taɓa ta ba, hannunsa ne guba. Na ce to ya je ya wanke hannun. Ya yi wanka a famfon asibiti, ya sayi riga wurin mai gwanjo a bakin ƙofa. Wadda ya samu ta 'yan ƙwallo ce, ja jawur, ta matse shi har cibiya na leƙowa. Da ya shigo ɗakin mata suka kwashe da dariya, Goggo Dije ta ce a tambaye shi ko ta ƙanensa ya ara. Murna ta kawar da kai da farko, don ba ƙamshin da ta sani ba ne. Ya durƙusa ya yi ta kiran sunanta a hankali. Can sai ta ɗaga hannu ta kama masa kunne, yadda ta saba.

Daga nan jiki ya fara dawowa, amma a hankali ƙwarai. Amai ya tsaya, ta fara karɓar abinci, ta fara zama in an jingina ta. Baki dai shiru. Ikilisiya gaba ɗaya tana addu'a a kan bakin nan, Inna har ta riƙa raɗa mata "Amin" a kunne ko za ta kama. Wata safiya ɗan Goggo Dije ya kawo mata nono a gora daga ruga. Tana zubawa a ƙwarya tana yi wa Buba magana da Fillanci kamar kullum, sai Murna ta miƙa hannu ta ce, "Kosam." Wato nono.

Na zube ƙasa a kan gwiwa ina kuka ina godiya. Inna ta riƙe haɓa.

"Mun yi azumi, mun yi addu'a ta buɗe baki, ta tashi Bahillata."

Goggo Dije ta ce, "Ku bar mani ita in koya mata tatsa. Ku Haɓe mi kuka koya ma yaro ban da cin tuwo?"

Dole in faɗi wannan ma. Yarinyar da ke gadon ƙarshe ba ta koma gida ba. Uwarta ta fi ni haƙuri, ta fi ni roƙon Allah. Shi ya sa in wani ya ce mini addu'ata ce ta yi ƙarfi ba na amsawa. Alheri aka yi mini, ban san dalili ba, kuma fuskar matar nan ba ta bar ni ba.

Ba a sallame mu ba sai da aka gyara gida. Mazan ikilisiya da maƙwabta suka kankare ƙasar ɗaki da ta tsakar gida aka kwashe, aka yi daɓen siminti. Tabarmi da katifa duk an fitar. Mijin matar nan mai fura shi ya fi kowa aiki. Da na dawo, gidanta na fara shiga, na sha furarta a gabanta har na nemi ƙari. Ishaya yanzu a shagon aikinsa yake wanka, kayan aikinsa a wata durom suke kwana, ba sa ƙetare ƙofar gida. Don Allah duk wadda mijinta ko ɗanta ke taɓa dutsen nan, ko niƙa, ko wanki, ko gyaran inji, ko dako, kada kayansa su shigo inda yara suke. Kada a shanya hatsi a buhun dutse. In yaro ya fara tangaɗi ko maganarsa ta fara ɓacewa, a yi addu'a a bakin ƙofa a wuce asibiti, a kuma faɗi sana'ar gidan tun ba a tambaya ba. Ni da ba na iya gaisawa da baƙo sai na sunkuyar da kai, yanzu gida-gida nake shiga ina wannan magana, na masu bi da na Musulmi, ba wanda ya taɓa koro ni.

Ƙafa ce ta rage. Mun dawo gida Murna tana rarrafe kamar jaririya. Muna komawa Anka gwajin jini da karɓar magani, a gida kuma Inna ta zama likitar ƙafa. Sai ta zura zane ƙarƙashin hammatar yarinyar ta riƙe ta tsaye, suna zaga tsakar gida tana yi mata kirari. Damina ta wuce a haka. Ta fara tsayuwa da bango, ta fara sakin bangon, ta yi taku kaɗan ta zauna daɓas. Ta hagun tana ja har yanzu, likita ya ce mu ci gaba, bai ƙara alkawari ba, bai rage ba.

Ranar godiyar kaka, bayan an shigo da gero da dawa, kowane gida kan taso daga bayan ɗakin sujada da rawa ya kai baikonsa na godiya ga Allah gaba. Da aka kira gidanmu Ishaya ya ɗauki damin gero, Inna ta ɗauki kaza, ni na sunkuya zan saɓa Murna. Ta ture hannuna. Ta kama bakin benci ta miƙe, ta saki.

Ɗakin sujadarmu ƙarami ne, amma ranar ya yi mini tsawo kamar hanyar Anka. Tana taku, tana jan ta hagu, tana tsayawa ta kalli mutane. Matan zumunta suka kai ƙarshen waƙa ba ta kai rabi ba, suka sake ɗaukowa daga farko. Suka ƙare, suka sake. Mai buga tulu gumi har cikin ido, kazar Inna ta gaji ta yi shiru. A tsakiya Murna ta yi tangal-tangal, jikina duka ya tafi wurinta, na ji tsoron nan na dā ya dawo mini. Sai na harɗe hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya, na ce Yesu, kai ka riƙe ta. Ta faɗi a kan gwiwa. Ba wanda ya motsa, waƙa ba ta tsaya ba. Ta dafa ƙasa ta tashi.

Da ta isa gaba Baba Pasto ya durƙusa ya buɗe mata hannuwa. Ta kewaye shi ta wuce, ta je ta dafa damin geron babanta, ta juyo tana haki tana dariya, tana jiran mu iso.